Allin da Ya Ƙafar da Nonon Shanun Lado

Malam Atiku ya daɗe yana karatun digirin dakta a fannin ilimi, har mutanen Nasarawa Burkullu suka gaji da tambayar uwarsa, Inna Iyatu, yaushe zai gama. Da farko takan ce baɗi. Da baɗin ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, sai ta koma cewa, "Allah shi ka sani," ta ci gaba da tsince wakenta. Ofishin da ya ba shi hutun karatu kuwa haƙurinsa bai kai na Inna ba. A farkon daminar 1986 aka aiko masa cewa daga kaka babu ƙari. Ko ya dawo da Dakta a gaban sunansa, ko ya dawo yadda ya tafi, tsohuwar kujerarsa ta mai duba makarantu tana nan ba wanda ya ɗauke.

Shi dai hankalinsa kwance yake, don kundin ya kammala, an buga shi da tafireta, kaurinsa ya isa a yi matashin kai da shi. Tambayar da ya ce zai bincika ita ce, me ya hana 'ya'yan makiyayan yankin Gwashi shiga makarantar boko. Amsar kuwa tana aljihunsa tun kafin ya fara binciken, abin da ya rage masa wahala ƙwarai da gaske. Makiyayan nan, in ji masana, sun yi imani cewa yaron da ya taɓa alli, in ya kai hannu ga hantsar saniya, nononta ƙafewa zai yi. Haka aka koya masa a kwalejin horon malamai, haka shi ma ya koya wa na baya, haka kuma yake gani a duk littafin da ya buɗe. A kan wannan magana guda ya ɗora kundin gaba ɗayansa.

Abin da ya rage masa sa hannun Dakta Maimunatu ne kawai. Ita ce babba a laburaren jami'ar, ita ke koya wa masu neman dakta yadda ake bincike a cikin littattafai, kuma dokar sashen ilimi ce ba kundin da zai je gaban masu jarrabawa sai ta duba inda mai shi ya samo maganganunsa. Ɗaliban sun ɗauki darasinta cin fuska. Manyan mutane ne masu gemu da iyali, wani ma ya yi hedimasta shekara da shekaru, a ce mace ta tsaya tana nuna musu yadda ake jan aljihun akwatin kati. Atiku ya leƙa ajin a farkon zuwansa, ya ga abin bai kai matsayinsa ba, ya kama gabansa. Yana da tasa hanyar mai sauƙi. Sai ya sami littafi mai kauri, ya kwashe abin da marubucin ya ce wasu sun ce, ya haɗa da sunayen da ke jere a ƙarshen littafin, ya juye a nasa. Da haka ya tara sunayen malamai rututu a bayan kundinsa, waɗanda ko launin bangon littattafansu bai sani ba.

Ranar da ta kira shi ofishinta, ya tarar da kundin a buɗe a gabanta, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganar allin.

Ta ce, "Malam Atiku, wannan magana wa ya faɗe ta?"

"Ai sananniyar magana ce, ranki ya daɗe. Kowa ya san ta."

"Kowa ba shi da lambar shafi. Shi wannan marubucin da ka ambata, ya taɓa zuwa Gwashi?"

"Babban farfesa ne fa."

"Ban tambaye ka girmansa ba. Ganau ne ko jiyau?" Ta rufe kundin ta tura masa. "Ka bi maganar baya-baya, kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata, har ka kai inda ta fito. Ka kawo mini bakin da ya fara faɗa, in sa maka hannu."

Ya fita yana murmushin ladabi, cikinsa kuwa yana Allah wadai da ranar da aka miƙa wa matar nan jan biro.

To, ka ga mutum a watanninsa na ƙarshe yana koyon abin da ake koyo a makon farko. Ya tsaya gaban akwatunan katin nan da ya raina, yana jan aljihu yana mayarwa, har ya gane cewa na sunan marubuci dabam, na batun littafi dabam. Ya nemo littafin farfesan, wannan karon ya duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, ya ga ashe shi ma daga wata mujalla ya ɗauko. Ya hau bene inda aka jera tsofaffin mujallu, ya sha ƙura ya yi atishawa, ya samo ta. Mai rubutun mujallar ya ce shi kuma a takardar wani taron malamai ya gani. Takardar taron ba ta nan, sai da aka aro ta daga laburaren wata jami'a, ya yi ta zarya yana tambaya ko ta iso, har masu aikin wurin suka fara sunkuyar da kai in sun hango hularsa. Da ta iso, sai ta nuna masa littafin wani Bature da ya zagaya ƙasar Sakkwato jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Shi kuma wannan sai a na'urar duba hoton littafi ya karanta shi, yana juya hannu idanunsa suna zubar da ruwa.

Abin da ya lura da shi, duk sa'ad da ya ja da baya sai maganar ta rame. A littafin farfesa, makiyayan Afirka ta Yamma ne kaf suke tsoron alli. A mujalla, Fulanin Arewa ne. A takardar taro, Fulanin ƙasar Zamfara. Da ya kai ga Baturen, sai ga ta ta koma wasu makiyaya da ke kusa da Gwashi. A ƙasan shafin kuma Baturen ya rubuta cewa ya ji haka ne daga bakin wani manomi, ranar kasuwa, a Nasarawa Burkullu.

Atiku ya yi hamdala, faɗuwa ta zo daidai da zama. Garinsu ne. Zai je gida ya ci tuwon Inna, ya nemo tsohon da ya yi maganar in yana raye, ya dawo ya ajiye wa Dakta Maimunatu a kan tebur ta san cewa ba da yaro take yi ba. Ya ari rakoda daga sashensu, ya sayi kaset da batir, ya shiga motar Gummi. Bayan sun wuce Anka ya sauka, ya ƙarasa sauran hanyar a bayan akori-kura, tsakanin buhunan taki da wata mata mai kaji, motar tana kafewa ana turawa.

Washegari da hantsi ya nufi gidan kawunsa Arzika, yayan Inna. In ana neman wanda ya san labarin garin nan to shi ne, in kuma bai sani ba zai samar maka wani nan take. Ya same shi a gindin ƙirya yana gyara ƙotar fartanya. Bayan sun gaisa, Atiku ya ce, "Kawu, ko ka tuna wani Bature da yaz zaka garinga da daɗewa, shina ta tambaye-tambaye?"

"Maitambaya? Wanda rana tab bar ma hanci ja awa gauta? Ai hannuna anka sa shi. Hakimi yac ce, Arzika, kai ad da baki, zagaya da baƙonga."

"Madalla. To wa ag gaya mashi zancen alli da nonon shanu?"

Tsohon ya ajiye fartanya, ya dubi Atiku, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, ya share hawaye da hannun riga, ya ce, "Kai wa ag gaya maka wagga magana?"

"Cikin littahi take, Kawu. Ingila anka buga ta."

"Ingila?"

A nan sai an ɗan yi bayani. Uwar Arzika Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Gwashi, ƙanwar uban wani makiyayi da ake kira Lado. Wato Arzika da Lado taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma kowa ya san tsakanin taubasai ba kunya ba hukunci. Tun suna yara in sun haɗu sai wanda bakinsa ya gaji. Lado yana kiran Arzika bawansa, Arzika kuma ba irin ƙauyancin da bai laƙaba wa Lado ba, a gaban kowa, a gidan suna ko a gidan makoki.

Arzika ya gyara zama ya ce, "Muna tsaye bakin kara, wurin shanu, sai Bature yat tambaya mi ah hana Hillani kai ɗiyansu makaranta. Ni ko na hangi Lado gab da mu, ya kawo bajimi. Kai kana ganin in bar wagga dama ta wuce? Nic ce ai tsoron alli su kai, wai in yaro ya taɓa shi, nonon saniya ƙahewa shi kai. Kara duk tak kwashe da dariya. Tahinta baƙo na, bai san tsakaninmu ba, yaj juya ma Bature, Bature ko yad duƙa shina ta rubutu."

"Shi Kawu Lado bai ce komi ba?"

"Ya rama. Yac ce mu muna kai ɗiya makaranta don mun ji akwai alli, mun aza ci akai. Amma da Hillanci yay yi ta, tahinta bai ji, sai tah hwaɗi ƙasa."

Atiku ya dafe kai. Ya ce, "Wato dai babu ƙamshin gaskiya ciki."

"Gaskiyar mi? Nan take nig gina ta, da ɗuminta nib ba shi." Arzika ya bugi cinya. "Ingila, kac ce? Tun muna tsirara mu ka wasa da Lado, zagi nai bai taɓa ƙetare gulbi ba. Ni nawa ya hau jirgi. Bari kasuwa ta ci, sai ya ji."

Da ƙyar Atiku ya roƙe shi ya riƙe bakinsa zuwa kaka, abin da ya fi roƙon kaza ta bar tono wuya. Ya taso ya dawo gida.

Ya zauna a zaure da rakodarsa a gaba, takaici ya cika shi. Farfesoshi, mujallu, taron malamai, kwalejoji, shekarunsa da ya ƙarar, ashe duk a kan wasan taubasai suke zaune. Kuma akwai abin da ya fi wannan ci masa rai, don a nan shi ganau ne, ba jiyau ba. Tun lokacin da gwamnati ta kawo ilimin firamare kyauta ga kowa, Lado yake zarya yana roƙon a ba rugarsu malami. Ya je ofis ya dawo, ya je ya dawo. Masu rabon makarantu kan karɓe shi da fara'a, su ba shi ruwa, in ya fita su dubi juna su ce, ai mun san al'adarsu, in an gina ma ba za su kawo yara ba, asarar kwano ce kawai. Atiku ya zauna a irin wannan taro, ya ma taɓa kawo musu sunan farfesan don ƙarin hujja, aka yaba da zurfin karatunsa.

Gaskiya a nan ba ta da wuyar gani. Ya koma ya ce wa Dakta Maimunatu ga inda sawun ya tsaya, ya rushe kundin ya sake gini. Da ya yi haka, da ya rubuta abin da ya fi duk littattafan da ya kwafa amfani, da wataƙila rugar Lado ta sami malaminta. Amma sabon gini sai shekara biyu, shi kuwa kaka aka ba shi. Ya hango kansa ya koma ofis a Malam Atiku, yaran da ya koyar suna yi masa sannu da zuwa suna haɗa ido.

Inna Iyatu ta shigo da kwanon fura ta ajiye masa. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "An ce kaka za ka ƙare. Na hwaɗa ma mutane wannan karon."

Ya ce, "In Allah ya so, Inna."

Yana shan furar ne dabara ta zo masa, kuma abin haushi, daga karatun Dakta Maimunatu ta fito. Ai ita ce ta ce duk littattafan duniya ba su kai bakin mai abu ba. Bature daga manomi ya ji, wato shi ma jiyau ne. To in aka samu makiyayi da kansa, ɗan yankin Gwashi, dattijo mai shanu, ya faɗa da bakinsa a cikin rakoda fa? Lallai karatu bai faɗi ƙasa banza ba, Atiku ya koyi bincike.

Da safe ya ari babur ya kama hanyar Gwashi. Gero ya kai gwiwa, hanya duk taɓo, sau da yawa sai ya sauka ya tura. Ya isa rugar rana ta take, shanu sun fita kiwo, sai 'yan maruƙa a ɗaure. Lado ya fito daga bukka, dogon tsoho siriri, ya sa hannu a goshi yana kallonsa, sannan ya gane shi.

"A'a, ɗan Iyatu. Ƙaƙa bawana Arzika? Shina nan shina ɓata ma mutane iska?"

"Shina nan lahiya, Kawu. Shina gaisuwa."

Aka shimfiɗa masa tabarma, matar Lado ta kawo kindirmo a ƙwarya mai faifai. Kafin ya kai ga abin da ya kawo shi, Lado ya ja shi ya nuna masa wata rumfa a gefen ruga, babba, da ginshiƙan ƙirya da jinka sabuwa. Ya ce su da maƙwabtansu suka kafa ta tun shekarar da aka ce za a ba kowa makaranta, kuma duk shekara sai sun sake mata ciyawa, don kada malami ya zo ya tarar ba wuri. A yanzu dai awaki ne ke karatu a ciki. Ya faɗi haka yana dariya, Atiku ma ya taya shi.

Da suka koma tabarma, Atiku ya fito da rakoda ya ajiye a tsakaninsu. Ya yi gyaran murya irin na taron ofis, ya ce yana rubuta babban littafi ne a kan karatun 'ya'yan makiyaya, manyan gwamnati za su karanta. Yana son muryar dattijo a ciki.

Lado ya ce, "To madalla. Buɗe in gaya musu malami mu ka so."

"Wannan sun sani, Kawu. Abin da su ka son ji, shi na dalilin da yas sa can da ba ku kai ɗiya ba. Zancen allin nan."

"Wane alli?"

Atiku ya faɗa masa, idonsa a kan rakoda. Lado ya yi ɗan tunani, can sai ya tuna, ya kama baki. "Wannan ai haukan Arzika na, ran da nik kai bajimi kara. Har yau ba ta mutu ba?"

"Ta shiga littahi, Kawu. Manya sun riga sun yarda da ita. In kac ce babu, cewa za su yi kunya ka ji, kana ɓoyewa. Gwamnati ko ba ta ba da magani sai ta ga cuta. In kun ce lahiyarku lau, sai a wuce ku a tai inda ad da matsala. Amma in ka amsa da bakinka, sai a ce ga mutane suna bukatar a wayar musu da kai, a turo malami."

Atiku da kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fito sumul, ba gargada. Shekarun jami'a ba su tafi a banza ba.

Lado ya ce, "Amma ƙarya ta, ɗan Iyatu."

"Tsarin aiki na, Kawu. Haka a kai."

"In na hwaɗi, a kawo malam?"

"Ni da kaina za ni kai maganar inda ya kamata."

Tsohon ya dubi rumfar, ya dubi Atiku. Ɗan taubashiyarsa ne, jininsa, ya yi karatu har ya gaji, ya turo babur cikin taɓo ya zo. Ya ce a ɗan jira shi. Ya shiga bukka ya daɗe, sai ga shi ya fito cikin farar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawani, don ba zai yi magana da manyan gwamnati cikin rigar kiwo ba. Atiku ya buɗe baki zai gaya masa cewa rakoda ba ta gani, sai ya fasa.

Ya danna. Lado ya faɗi sunansa da sunan ubansa da sunan rugarsu, da murya mai kyau. Ya ce su Fulanin nan suna tsoron alli, wai yana ƙafar da nono. Sai dariya ta kama shi, ya ƙara da cewa, "In ji bawana Arzika, Allah shi shirye shi."

Atiku ya tsayar, ya mayar da kaset baya. "Kawu, ban da dariya, ban da sunan kowa. Awa kana gaban alƙali."

Aka sake. Wannan karon ba dariya. Tsohon ya faɗe ta tiryan-tiryan, yana kallon ƙasa.

"Ya yi kyau. Saura kaɗan. Za ni tambaye ka ina kunka samo ta, sai ka ce gadonta kunka yi, haka kaj ji ga mahaihinka."

Lado ya ɗago kai. "Baffana bai taɓa hwaɗin haka ba. Shi da yaƙ ƙare izu sittin, shi ka rubuta ma mutane allo." Ya girgiza kai. "Mutum na ƙasa, in ɗora mashi abin da bai ce ba?"

"In ba a ce gado na ba, ba su ɗaukar ta al'ada, Kawu. Sai aikin duk shi lalace."

Kaset yana ta juyawa. Wani ɗan maraƙi ya yi kuka a turke, matar Lado ta leƙo ta koma. Atiku ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya san sarai abin da yake yi, kuma bai kai hannu ya tsayar da rakodar ba. Can Lado ya ce haka suka taras, haka ya ji daga bakin mahaifinsa, shi ma daga nasa uban. A wajen ambaton mahaifin muryarsa ta yi rawa, ta kusa ɗaukewa, sannan ya ƙarasa.

Ya rako Atiku har bakin hanya, ya ɗaura masa goran man shanu a bayan babur ya kai wa Iyatu. Ya ce in malamin mai iyali ne a gaya musu da wuri, su yi masa bukka biyu.

Mako bai zagayo ba Atiku yana ofishin Dakta Maimunatu. Ya zayyana mata sawun tun daga farfesa har zuwa Bature, da shekara da lambar shafi, ba inda ya yi tuntuɓe. Ya ce manomin da Baturen ya ambata ba a dogara da shi, jiyau ne, shi ya sa ya wuce shi ya tafi ruga da ƙafarsa ya samo mai abin. Ya kunna mata kaset.

Ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa. Matar da ba a cika ganin haƙoranta ba, ranar ta yi murmushi. Ta ce tun da ta fara wannan aiki ba ta ga ɗalibin da ya bi magana har gindinta kamar haka ba, ta kuma nemi afuwa don ta yi masa zaton malalaci. Za ta sa a yi wa kaset ɗin kati a ajiye a laburare, duk mai bincike a kan makiyaya daga yau ba sai ya dogara da Bature ba. Ta ce ma'aikatar ilimi ma ta aiko tana neman irin wannan aiki, don za a zauna a tsara inda ya cancanci a kafa makarantu da inda sai an jira kan mutane ya waye, za ta tura musu kwafi da kanta.

Ta jawo takardar amincewa da kundin, ta cire murfin biro, sai ta dakata. Ta mayar da kaset baya kaɗan ta sake saurare.

"Bawan Allah. Me ya sa muryarsa take rawa a nan, wajen da ya ambaci mahaifinsa?"

Atiku ya dubi bakin biron da ke tsaye a kan layin sunansa.

Ya ce, "Batir ne ya yi sanyi, ranki ya daɗe."

Ta gyaɗa kai, ta sa hannu.